Yadda ake kafa wifi a gida a kuma kulle shi

Kawuna da ke unguwar Zariya a nan Maraɗi ya kira ni wata Laraba bayan la'asar, ransa a ɓace. Forfen wata guda ya zuba wa na'urar wifi ta gidansa, kwana 9 ya ƙare ƙaf. "Ɗana, zo ka duba min abin nan, ko dai kamfanin ne ke shanye min mega?" Na je, na shiga cikin na'urar ta wayata, na tarar da wayoyi 23 a jone. Masu waya a gidan su 7 ne. Da na leƙa ƙofar gida sai ga wasu daga cikin sauran zaune kan benci a gindin bedi, butar shayi bisa gawayi, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa. Babu wanda ya fasa komai. Autan gidan ne ya ba abokinsa kod, abokin ya ba yayansa, yayan kuwa ɗan fada ne.

Irin wannan na fi gani. Wifin gida ba kasafai gwanin kwamfuta ke fasa shi ba, da ƙafarsa yake fita, daga hannu zuwa hannu. Kuma na'urar, wadda masu sana'ar ke kira ruta, makulli biyu gare ta, amma mutane ɗaya kawai suka sani. Bari mu bi aikin daga farko.

Kafin ka sayi komai

Mafi yawan gidaje a Maraɗi da pus ake jona ruta, na Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms. Masu hali sun fara kafa Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, tun da ya fara aiki a Nijar a 2025, amma shi ma ƙarshenta wifi yake rabawa a gida, don haka kusan duk maganar tsaron da ke tafe ta shafe shi. Kada ka zaɓi kamfani don wani a Ali Ɗan Sofo ya yaba shi alhali kai a Bagalam kake. Rezo unguwa-unguwa ne, wani lokaci ma ɗaki-ɗaki. Ari pus ɗin kowane kamfani ka gwada a wayarka cikin gidanka, kuma da dare tsakanin isha'i da ƙarfe 10, lokacin da kowa ya hau. Wanda ya yi gudu a wannan lokacin shi ne naka.

Ruta iri biyu ce. Akwai ƴar ƙaramar aljihu mai batir, wadda ta ishi gwauro ko ɗalibin jami'a a ɗaki guda, amma ba ta ƙetare bango biyu. Akwai babba mai jonawa da kuran, mai ramukan kebul a baya, ita ce ta gidan iyali. Abin da ya kamata ka tambaya kafin ka miƙa kuɗi shi ne ko a buɗe take. Wadda kamfani ya sayar sau da yawa pus ɗinsa kaɗai take karɓa, haka ma wasu da ake shigowa da su daga Kano ko Katsina, a kulle suke kan layin Najeriya. Je da pus ɗinka, a saka a gabanka, ka ga intanet ya zo, sannan a yi ciniki.

Kafin ka saka pus ɗin, sa shi a waya ka cire masa lambar PIN, in ba haka ba duk lokacin da aka ɗauke wuta ruta za ta iya tsayawa jiran lamba. Ka saka shi na'urar tana kashe. In ramin babba ne pus ɗin ƙarami, nemi ɗan firam ɗin roba da ake ɗora shi a kai; wanda ya tura ƙaramin pus haka nan, sai an kwance na'urar kafin a ciro shi, wani lokaci da ƴan haƙoran ciki a karye.

Inda za ta zauna

Nan ne ake yawan kuskure, kuma gyaransa ko dala ba ya ci. Ruta mai pus aiki biyu take yi lokaci guda: tana jawo rezo daga antenar kamfani, tana kuma raba shi ga wayoyin gida. Na farko yana son taga, na biyu yana son tsakiyar gida. Dole ka nemi wurin da ya ɗan gamsar da duka biyun.

Wifi igiyar rediyo ce, kuma ginin gidajenmu bai yi mata sauƙi ba. Katangar laka mai kauri tana shanye ta, bulo da rodi a ciki haka, ƙofar ƙarfe da kwanon rufi kuwa mayar da ita baya suke yi. Ruwa ma yana cinye ta, saboda haka kada a ajiye ruta bayan randa ko tanki. Firji da babban madubin kabad su ma shinge ne. A ɗaga ta sama da tsayin mutum, a kan ɗan katako a bango, a wurin da ƙofofin ɗakuna suka fi fuskanta. In tana da ƙahoni, a miƙe su tsaye.

Don nemo wurin da rezo ya fi ƙarfi kada ka dogara da sandunan da ke jikin na'urar. A shafin saitinta akwai lamba mai suna RSRP, da alamar ragi a gabanta. Kusa da -80 ƙarfi ne sosai, wajen -100 an fara rauni, in ta wuce -110 sai haƙuri. Ɗauki ruta ka zaga da ita taga-taga, ka dakata minti guda a kowace kana duban lambar. A gidan Kawu, tsakanin tagar falo da ta ɗakin da ke kallon gabas, taku 6 ne kawai, amma gudun ya kusa ninkawa.

Sai dai ka lura da tagar da ke kan titi. Ruta a falon baƙi kusa da ƙofar gida, rabin ƙarfinta ƴan waje take yi wa hidima, matan gida a can ciki suna ɗaga waya sama suna nema. Matsar da ita ciki kaɗai yana rage masu zama a gindin katanga.

Sannan zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, ruta da ke dab da kwanon rufi ko bisa talabijin za ta yi ta yankewa tana tashi da kanta, a ɗora laifin kan kamfani. Ƙawata ɗaki da ɗan ƙyallen leshi a kan kowane kaya abu ne mai kyau, amma ban da wannan. Ramukan jikinta na shan iska ne. Lokacin hunturu kuma a riƙa kaɗe mata ƙura da busasshen buroshi.

Maganar wuta gajera ce. Yawancin manyan ruta volt 12 suke ci, amma duba abin da aka rubuta a jikin cajarta, kada ka musanya da ta dikoda don kawai bakin ya shiga. Akwai ɗan akwatin batir da ake sakawa tsakanin caja da ruta, yana riƙe ta sa'o'i bayan an ɗauke kuran. Mai fanon sola kada ya ja waya kai tsaye daga batir, domin lokacin caji ƙarfin yana haura volt 14. A bi ta na'urar daidaita wuta. Da damina in hadari ya haɗu ana tsawa, a zare ta daga bango.

Shiga cikin na'urar

Juya ruta ka dubi takardar da ke manne a ƙasanta. Akwai sunan wifi, da kod ɗinsa na masana'anta, da adireshin shiga, da sunan mai kula da kalmar sirrinsa. Ɗauki hoton takardar nan. Kashe datar wayarka, ka jona da wifin, ka buɗe Chrome ko wani burauza, ka rubuta adireshin a layin sama, ba a akwatin binciken Google ba. Na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, wasu kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. In waya ta ce wannan wifi ba shi da intanet, ko kana son fita daga kansa, ka ce a'a. Galibi a saman shafin akwai wurin mayar da harshe Faransanci ga wanda ya fi jin sa.

In pus yana ciki amma intanet bai zo ba, matsalar sau da yawa APN ce, wato sunan mashigar intanet ta kamfanin da ake rubutawa a saiti. Duba wanda ke cikin wayarka mai pus ɗin kamfanin, ka kwafe shi yadda yake.

Makullin da ake mantawa

Kod ɗin wifi shi ne na ƙofar gida. Kalmar sirrin shafin saiti kuwa ita ce ta ɗakin maigida, kuma a na'urori da yawa tana nan yadda ta fito daga kwali: admin a sama, admin a ƙasa. Duk yaron da ya samu wifinka, in ya rubuta wannan, ya zama maigida. Zai iya ganin kod, ya canza shi, ya toshe wayarka ya bar tasa. Abin da ya fi wannan muni, a ruta mai pus shafin yana nuna saƙonnin da suka shigo layin, wasu ma ana iya danna lambobin kamfani daga ciki. Shi ya sa nake hana mutane saka pus ɗin da ke ɗauke da asusunsu na kuɗin waya, ko wanda suka yi rajistar WhatsApp da shi. Lambar tabbatarwa in ta shigo, a wannan shafin za ta sauka. Sayi layi daban, na ruta kaɗai.

Wannan sakaci ba namu kaɗai ba ne. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan ruta da kyamarori a duniya, ba da wata dabara ba sai gwada kalmomin sirri na masana'anta kusan 60, aka kuma yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i a Amurka.

Don haka aikin farko bayan shiga: nemi sashen System ko Système, ka canza wannan kalma. Kada ta zama ɗaya da kod ɗin wifi, kuma kada kowa a gidan ya san ta sai kai da mutum guda da ka yarda da shi.

Suna, nau'in kulle da kod

A sashen Wi-Fi ko WLAN za ka ga SSID, wato sunan da wayoyi ke gani. Canza shi, domin na masana'anta yana tona irin na'urar da kake da ita. Amma kada ka sa sunanka ko na gidanku, balle lambar waya. Sa abin da ba ya nuna kowa, kamar Tsamiya ko Inuwa. Akwai zaɓin ɓoye sunan gaba ɗaya. Ni ban damu da shi ba, wahalar da mutanen gida yake yi, wanda ya san aiki kuma cikin ɗan lokaci zai gano shi.

Ƙasa da sunan akwai nau'in tsaro. Zaɓi WPA2 tare da AES. In na'urar tana da WPA3, wanda ya fito a 2018, sa haɗin WPA2 da WPA3 don tsofaffin wayoyi su iya shiga. Tsohon nau'in da ake kira WEP kuwa tun farkon shekarun 2000 aka gano lagonsa, cikin mintoci ake ɓalle shi. Na'urar da shi kaɗai ta iya, ta tashi aiki. TKIP, wanda ake zaɓa a madadin AES, shi ma a bar shi, ga rauni ga kuma rage gudu zuwa megabit 54.

Yanzu kod. Ƙa'ida ta ce daga harafi 8 zuwa 63, lambar waya a Nijar kuma 8 ce cif, shi ya sa kowa ita yake sakawa. Lambarka tana rubuce a allon shagonka, tana cikin wayar duk ɗan unguwa, ita za a fara gwadawa. Ko ba a san ta ba, lambobi 8 zalla hanyoyi miliyan 100 ne, kwamfuta mai ƙarfi tana gama gwada su cikin mintoci. Sunan ɗa da shekarar haihuwa, ko 12345678, duk kanwar ja ce. Tsawo ya fi wuyar harafi amfani: haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangi da juna, ka cusa lamba a tsakani, misali kwando-Tulu-47-tsamiya-hazo. Kada ka ɗauki wannan, ƙirƙiri naka. Ka guji ƙ, ɗ da ɓ, don ba kowace waya ko talabijin ke da su ba. Da ka danna ajiyewa wifin zai yanke, sai ka sake jonawa da sabon kod.

Kafin ka bar sashen, kashe WPS. An yi shi ne don a jona ba tare da rubuta kod ba, amma a 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambar PIN ɗinsa mai lambobi 8 kashi biyu ake tantance ta, ta yadda gwaji 11,000 ya isa a same ta. Yawancin manhajojin "fasa wifi" da samari ke saukewa ta wannan kafa suke bi.

Mai cewa "Alhaji, a taimaka da kod"

Duk abin da aka yi a sama ba ya maganin wannan. Maƙwabcin da kuke sahu ɗaya a masallaci, ko suruki da ya zo kwana biyu daga Tasawa, ba a ce masa a'a. Wasu suna karɓar wayar su rubuta kod da kansu, suna ganin sun yi dabara. Tun daga Android 10, duk wayar da ta jona tana iya fito da hoton QR na wifin, wani ya ɗauka ya shiga, a wayoyi da yawa ma kod ɗin yana rubuce ƙarƙashin hoton. Akwai kuma manhajojin neman wifin kyauta da ke kwashe kod ɗin da ke wayar su raba wa duk mai manhajar; in ka ga irinsu a wayar yaranka, goge su ka canza kod.

Maganin shi ne wifin baƙi, Guest ko Invité a shafin. Suna ne na biyu da kod na biyu daga ruta guda. Wanda ya shiga ta nan yana samun intanet, amma an raba shi da kayan gida, kuma a na'urori da yawa ana iya taƙaita masa gudu ko lokaci. Ka tabbata zaɓin da ke ba baƙi damar shiga hanyar cikin gida a kashe yake. Shi za ka riƙa bayarwa da fara'a, kana canza kod ɗinsa duk Juma'a ko duk ƙarshen wata, babu wanda zai ji an kore shi. Na gida kuwa manya kaɗai, yara ma na baƙi ya ishe su. Da na bayyana wa Kawu haka sai ya yi dariya ya ce, "Wato zaure ka gina musu." Haka ne kuwa.

In rutarka ba ta da wannan, saura tace wayoyi da lambar MAC, lambar da kowace waya ke nunawa in ta jona. Akwai jerin hanawa da jerin yarda. Na hanawa ɓata lokaci ne, domin wayoyin yanzu, daga Android 10 da iOS 14, suna ƙirƙirar lambar bogi, wanda ka toshe yau yana iya dawowa gobe da sabuwa. Jerin yarda ya fi: waɗanda ka rubuta kaɗai ke shiga, ko da wani ya san kod. A kowace wayar gida ka shiga saitin wannan wifin ka zaɓi lambar waya ta asali, sannan ka rubuta ta. Fara da taka kafin ka kunna tacewar, in ba haka ba ka kulle kanka a waje. Gwani yana iya kwaikwayon lambar wani, amma ga ƴan benci ya wadatar.

Sauran ƙananan gyare-gyare

Kashe Remote management, wato shiga saiti daga wajen gida. Duba sabunta manhajar ruta duk bayan ƴan watanni, amma kada ka fara sai tana kan batir ko ka tabbata wuta za ta zauna. In ta yanke a tsakiya na'urar tana iya mutuwa. In tana da zangon wifi biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, na farkon ya fi nisa da ratsa bango, na biyun ya fi gudu a kusa. A unguwar da wifi ya yi yawa, gwada tasha 1, 6 ko 11 a 2.4, su ne ba sa hawa kan juna. Mai ƙaramin gida yana iya rage ƙarfin watsawa zuwa matsakaici don kada ya kai titi. Mai son kare yara daga shafukan batsa ya sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3 a wurin DNS, wato saitin da ke nemo wa waya adireshin shafuka; na kamfanin Cloudflare ne kuma kyauta. Yana ragewa, amma ba ya tace abin da ke cikin TikTok ko WhatsApp.

Babban gida mai sassa da yawa ruta guda ba ta isarsa. Ƴar na'urar maimaita sigina da ake sayarwa tana yawan raba gudu biyu. Abin da ya fi shi ne jan kebul, wanda ke kai mita 100 lafiya, zuwa ruta ta biyu a ɗaya sashen, a sa ta a yanayin Access point da suna da kod iri ɗaya da na farko. A bi da kebul ɗin cikin bututu, rana da ɓera ba sa raga masa.

Wani ɓarawon megan kuma a aljihunka yake. Waya da ta ga wifi ɗauka take kyauta ne, sai ta shiga sabunta manhajoji, tura hotuna ma'ajiya, sauke kowane bidiyon guruf. A saitin wifin cikin Android akwai zaɓin ɗaukarsa a matsayin mai awo, haka ma a Windows. Kunna shi a kowace na'ura, ka kuma hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa. A shafin ruta akwai ƙididdigar data, sa mata ranar da forfe ke farawa da adadinsa. Sau ɗaya a mako ka buɗe jerin waɗanda ke jone ka ƙirga. In ka laƙaba wa kowace wayar gida suna a jerin, baƙuwa da ta shigo nan take za ka gane ta.

Saura ɗan ramin nan na baya da aka rubuta Reset. In ka manta kalmar shiga, sa tsinken sakace ka danna kamar daƙiƙa 10 tana kunne, komai zai koma yadda ya fito daga kwali, sai ka sake aikin daga farko. Amma yaro mai wayo ma ya san da wannan ramin, kuma bayan ya danna, kod ɗin da ke takardar ƙasa shi zai yi aiki. Shi ya sa a gidan Kawu, bayan mun ɗauki hoton takardar, na rufe ta da baƙin salatif, muka ɗaga ruta sama da ƙofar ɗakinsa inda sai da tsani. Kalmomin sirrin uku, na saiti da na gida da na baƙi, ya sa na rubuta masa a takarda, ya ninke ya cusa cikin jakar da yake ajiye takardun fili.